Mutumin Kan Gada

…ruwa ne fa kawai. Ruwan ɗumi da tsumma mai tsabta, ko sabulu Hajiya Raki ba ta sa ba. To ina mutumin ya shiga?

Hoton na shimfiɗe a kan teburin kicin, firam ɗinsa a gefe. Gada tana nan. Dusar ƙanƙara tana nan a kan rufin gidajen Japan, fara sol. Amma ɗan mutumin nan mai laima, wanda ke tsallake gadar a bangon falonta tun zuwansu Ingila — babu. Sai dabbaren shuɗi, takardar ta yi laushi tana saɓulewa kamar fatar ƙuna.

Fumfuna ce ta kama hoton, danshin flat ɗin nan na Cheetham Hill. 'Yarta Habibatu ta faɗa a waya: "Mama, don Allah kar ki buɗe, ki kai wa mai gyara." Ai ta kai! Baturen ya faɗi kuɗinsa, ta taya, ya ƙi rage ko sisi, har da murmushi. Ita? Ita da 'yan kasuwar Kwari ke sunkuyar da kai in sun hango ta? Ta kwashi kayanta ta fito. Goge datti ma sai an yi digiri?

Mijinta Likita, Allah ya jiƙansa, ya sha faɗa mata… da hannu mutanen Japan suke sassaƙa katako, Raki, kowane launi da katakonsa, sannan su danna takarda a kai. Ita kuwa tana yankan albasa, tana cewa to, to.

Ranar rabon gado Habibatu ba ta nemi komai ba sai wannan. "Shi Baba ke nuna min in na ƙi barci." Shekara biyu uwar na riƙe da shi, yau ne gobe ne, don ta san muddin yana bangon nan yarinyar za ta riƙa zuwa…

Jirgin ƙasan da ya ɗauko Habibatu daga Birmingham ya iso tun ɗazu. Yanzu tana cikin tram, ƙaramin jirgin cikin gari, ta kusa ƙarasowa.

A ce ɓarawo ne? A ce aikin Baturen ne? Ƙarya da furfura a ka… Kwalli! Sai ta zana shi da kanta, ɗan ɗigo ne fa — kai, laima, ƙafa biyu. Ta ɗauko, ta sunkuya.

Gidajen ya nufa, ko baro su yake yi? Hagu… a'a. Ita ce fa ke goge gilashin nan duk Juma'a.

Tsinken kwallin na tsaye a saman takardar. Ashe ba ta taɓa dubawa ba.