Wuyan Giwa

Kafinta ya hayo matakalar benen yana tsallake biyu-biyu, rungume da wani dogon abu da aka naɗe cikin tsohon bargo, yana kwaɗa kira tun daga ƙasa.

"Inna! Baba Gurnani! A buɗe mini, hannuna ba sarari!"

Inna, matar Baba, ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu. "Kai, lafiya? Gobara ake yi? Mutum na kwance ba lafiya, ka zo kana fasa mana dodon kunne."

"Tashe shi, Inna. Abin da na kawo ya fi allurar likita."

Baba Gurnani dai makaɗi ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa da tsufansa yana kaɗa jitar bes a otal-otal da ɗakunan taro, wato babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu wadda muryarta ke shiga cikin mutum kafin ta isa kunnensa. Daga nan laƙabin ya samo asali. Kuma babu mazaunin benen nan da bai haddace labarin Giwa ba, jitar da ya fara saya yana saurayi, wadda aka sace masa a tashar mota suna dawowa daga wasa. Ya sayi wasu bayanta, amma a bakinsa duk yara ne. Kafinta ya fi kowa shan labarin, domin shagonsa na ƙarƙashin tagar Baba, kuma mai riƙe da katako da zarto ba ya iya gudu.

To, yau ya je gyaran kantar jera kaya a wani shagon gwanjo, sai ga Giwa rataye tsakanin matattun fankoki da dutsen guga. Fentin ya koɗe, amma ga ɗan ramin nan da babban yatsa ya ci a jikin katakon, daidai inda Baba ya sha nunawa a iska. Kafinta bai ko tsaya ja-in-ja ba, mai shagon ma sai da ya ji kunyar saurin cinikin.

Baba yana jingine da matasan kai, ƙafafunsa a kumbure, numfashi yana fita da ƙyar. Aka warware bargon. Ya rufe ido, ya miƙa hannu, babban yatsansa ya tafi kai tsaye ya zauna cikin ramin.

"Ke ce?" in ji shi. "'Yar banza, ina kika shiga duk shekarun nan?"

Sai dariya ta ƙwace masa, dariyar ta koma tari, tarin ya koma hawaye. Inna ta ajiye ludayin a kan rediyo, abin da ba ta taɓa yi ba. Kafinta kuwa ji ya yi kamar shi aka yi wa haihuwa.

Murnar ba ta gama sauka ba Baba ya ɗora yatsun hagu zai danne tsirkiya. Ta ƙi taɓa katako. Ya sake dannawa, ta sake ƙi. Daga nan ya ce a ɗaga masa ita, ya runtse ido ɗaya ya hango tsawon wuyan kamar mai saita bindiga.

"Sun bar ta a rana, marasa imani. Dubi wuyan, ya lanƙwashe kamar baka. Ko ƙato ba zai danne wannan ba, balle ni."

"Ba ta gyaruwa?"

"Tana gyaruwa mana. Akwai sandar ƙarfe a cikin wuyan, ga bakinta nan. Ka sa ɗan makulli ka murɗa kaɗan, kaɗan fa, kamar mai satar buɗe ƙofa. Sai ka bar ta ta kwana, icen ya yi shawara da kansa. Gobe ka ƙara. In ka yi gaggawa, ƙas! Shi ke nan, sai a hura wuta da ita."

Kafin la'asar labari ya kai kunnen Dogo mai ganga, abokin kiɗan Baba tun suna samari. Ya shigo yana sunkuyar da kai don kada ya bugi dokin ƙofa. Tun watan jiya yake roƙon Baba ya zo wasan da tsofaffin 'yan ƙungiyarsu za su yi ranar Asabar da yamma a ɗakin taron da ke ƙarshen layi, Baba yana cewa ya yi ritaya.

"Dogo, a sa mini kujera. Ina zuwa."

"Ba inda za ka," in ji Inna. "Me likita ya ce maka?"

"Cewa ya yi kada in hau bene. Kin ji ya ce kada in sauka?"

Daga ranar gidan ya zama kamar ana shirin tarbar baƙo. Kullum da safe, kafin ya buɗe shago, Kafinta zai hayo ya sa makulli ya murɗa ɗan kaɗan, Baba na kallon hannunsa kamar kaza mai 'ya'ya. Sun cire tsirkiyoyin, Baba ya ce a tafasa su, wai haka makaɗa ke yi don dauɗar yatsu ta fita muryar ta dawo. Inna ta shigo kicin ta tarar da Kafinta yana juya wayoyi a cikin tukunyarta mafi kyau.

"Gishiri zan miƙo maka, ko ka riga ka sa?"

"Baba ne ya ce, Inna."

"Da kai da Baban naka, Allah ya shirye ku."

An goge tsatsa, an shafa wa katakon mai, mai gyaran rediyo na hawa na biyu ya zo ya liƙe wata waya da ta tsinke a ciki. Baba ya soma cin abinci, har yana neman ƙari. Kowa ya ce sauƙi ya samu.

Kafinta ma haka ya zata, sai ranar da likita ya zo. Yana ƙasan matakala yana neman wani ƙusa da ya faɗi, ya ji likitan yana yi wa Inna magana ƙasa-ƙasa. "Mama, ku daina hana shi komai. Duk abin da ransa ke so, ku ba shi." Kafinta ya daɗe a tsugune, ya ma manta abin da yake nema. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba, domin ya san ice, ya san ba ya sauri, kuma yanzu ya san mutumin ba shi da lokacin jira.

Ranar Juma'a wuyan ya miƙe sosai, amma da saura. Baba ya gwada dannawa, yatsunsa suka kai rabi suka tsaya. Kafinta ya sa makullin, ya yi murɗar yau. Maimakon ya zare, sai ya ci gaba. Ƙarfen ya yi tauri, ya ƙara ƙarfi. Icen ya yi wata 'yar ƙara, siririya.

Hannun Baba ya damƙe wuyan hannunsa. Bai san da sauran ƙarfi haka a jikin tsohon ba.

"Saki."

"Baba, gobe ne fa."

"Na ce saki. Kai da kake kafinta, ka taɓa ganin icen da ya ji magiya?"

"Baba, in ba gobe ba..."

"In ba gobe ba, babu. Na sani. Bangon gidan nan yaushe ya taɓa riƙe sirri?" Ya numfasa, ya shafa jikin jitar. "Ta girme ka, ɗana. Kuma in an bi ta a hankali za ta yi wa wani kiɗa, ba ni ba. Ba zan karya mata wuya saboda yammaci ɗaya ba."

Kafinta ya zare makullin, idonsa ya cika. A ransa ya gama cewa wasa ya rushe, kuma gazawarsa ce.

"To me ka tsaya yi?" in ji Baba. "Kira mini Dogo, ya zo da mai fiyano."

Abin da suka ƙulla, ba su gaya wa kowa ba. Ranar Asabar maza huɗu suka sauko da Baba a kan kujerarsa, yana sanye da farar riga, yana ba da umarni a kowace kwana kamar direban babbar mota. Layi ya fito kallo. Kafinta na biye da Giwa a kafaɗa, yana ta hango yadda tsohon zai kunyata a gaban jama'a.

Ɗakin taron ya cika har bakin taga. Aka zaunar da Baba kusa da ganguna, aka ɗora masa jitar a cinya, aka jona ta da sifika. Dogo ya ɗaga sanduna, ya buga.

Sai Giwa ta yi magana.

Muryar ta bi ta ƙasa, ta hau ƙafafun kujeru, ta daki Kafinta a ciki. Wata mata ta yi guɗa. Kafinta ya kai ido ga hannun hagun Baba, ya ga ashe yana ajiye a kan gwiwa, ko kusa da wuyan bai je ba. Da yatsu biyu na dama kawai yake fizgar tsirkiyoyin a sake, ba dannawa. Kowace tsirkiya da muryarta ta asali, su kuwa Dogo da mai fiyano sun sauko da waƙoƙin duka zuwa inda muryoyin nan suke. Tun da Baba bai iya bin waƙa ba, sai aka kawo masa ita har gida.

Kuma wane irin kiɗa! Sai ya riƙe sauti har mutum ya ƙagu, sannan ya sake shi daidai inda ƙafa za ta sauka. Wani wurin ya yi shiru ɗif, jama'a su yi kamar za su faɗi, sai ya tare su. Tsofaffi masu ciwon gwiwa suka manta da gwiwa. Mai gyaran rediyo ya hau kujera. Inna, wadda ta rantse kallo kawai ta zo yi, kafaɗunta suka ci amanarta. Kafinta ya tsinci kansa yana ihu, bai ma san me yake faɗa ba.

A tsakiyar waƙa ta ƙarshe Baba ya ɗaga hannun hagun nan da ba shi da aikin yi, ya yafito shi. Kafinta ya sunkuya.

"Ka ji ta?" in ji Baba, gumi na zuba, haƙoransa duk a waje. "Murya huɗu Allah ya ba ta kyauta. Sauran duk ƙarin bayani ne!"

Bai sake saukowa daga benen da ƙafarsa ko da kujera ba. Cikin makon da ya biyo baya, wani hantsi Kafinta na yankan katako, ya ji Inna ta kira shi daga taga. Ba ta ɗaga murya ba, shi ya sa ya gane. Ya ajiye zarton a tsakiyar yanka.

Bayan an kai Baba makwancinsa, baƙi sun ragu, Inna ta tare Kafinta a matakala. "Ya ce in gaya maka kada ka daina. Wai kaɗan-kaɗan."

Haka ya ci gaba da hayowa kowace safiya, ya yi sallama, ya shiga ɗakin da babu kowa, ya murɗa ya fita. Ran nan ya ɗaga Giwa, ya runtse ido ɗaya ya hango, ya ga babu abin murɗawa. Ya ɗora ɗan ƙaramin yatsansa a kan tsirkiya mafi kauri, ta kwanta a kan katakon ba gardama. Ko jariri zai iya danne ta.

Inna na tsaye a bakin ƙofa. "Ta miƙe?"

"Ta miƙe, Inna."

Ya rasa inda zai ajiye ta, sai ya kwantar da ita a kan gadon, wanda aka riga aka yaye wa zanin shimfiɗa. Inna ta ƙaraso, ta daɗe tana kallo. Sannan ta jawo matashin kai, ta ɗaga wuyan a hankali, ta tura shi ƙarƙashi.