Fiton Injin Baba Sannu

"Wancan nake so, mai katantanwa a gefe," in ji Baba Sannu, yana nuni da sandarsa.

Bakaniken ya miƙe daga tsugunne ya goge hannu da tsumma. Injuna biyu ne a ƙasan garejin, kowanne a kan tsohuwar taya. Dillali ne ya kawo su, a zaɓi ɗaya a mayar masa da ɗaya. Na hagu inji ne sak irin wanda ya mutu a akori-kurar tsohon. Na dama kuwa mai turbo ne, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan da ke ɗura wa inji iska don ya ƙara ƙarfi.

"Haba Baba, kai da turbo? Kai da masu keke ke wucewa suna maka sannu da aiki?"

Tsohon ya yi dariya har ta koma tari. Ba a banza aka sa masa wannan suna ba. Shekara arba'in yana dakon bulo da siminti, ba mai shaidar ya taɓa ganin allurar motarsa ta haura sittin. Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na bakaniken, kuma shekara ashirin da biyu ba wani hannu da ya taɓa motar nan sai na maƙwabcin.

"Ka san hawan nan na hanyar masu bulo?" in ji tsohon bayan tarin ya sake shi. "Tun ina da baƙin gashi nake hawansa da giya ɗaya, mota na nishi ina nishi. Sau ɗaya dai, Injiniya, in hau shi da giya uku."

Shi kaɗai ke kiransa Injiniya, kuma sai in yana son ya yi masa wayo.

"Baba, turbo ɗan gata ne. Baƙin mai sai mai kyau, a canja a kan lokaci. In ka dawo daga tafiya ba ka kashe shi nan take, sai ya huce. Ranar da ya yi fushi kuwa, ni kaina sai dai in tsaya ina kallonsa. Wannan na hagun ko a gindin bishiya ya tsaya, da sifana biyu zan tashe shi."

"Na ji wa'azi. Sa min mai katantanwa."

Ya dafa benci ya tashi da ƙyar. Bakaniken ya bi shi da ido har ƙofar gida, sai a lokacin ya lura rigar ta yi wa tsohon yawa, kafaɗunta sun zubo.

Washegari da hantsi Inna, matar tsohon, ta tsaya a bakin garejin. Duk zaman da suka yi ba ta taɓa taka wurin ba. Bakaniken ya ture gwangwanin man giris ya miƙa mata kujera, ta ƙi zama.

"Likita ya yi min magana a gefe," in ji ta. "Ba zai sake riƙe sitiyari ba. Babban ɗanmu ne zai karɓi motar, tunda kamfaninsu ya sallame su. 'Ya'yansa huɗu, ga ni, ga ƙannensa mata. Ni ban san inji ba. Wanne ne zai riƙe gida?"

Bakaniken ya san yaron, magidanci ne mai kirki, amma irin direban da in mota ta fara wani ƙara sai ya ƙara muryar rediyo. Turbo ba zai yi shekara a hannunsa ba.

"Na hagu, Inna."

"To."

"Shi kuma Baba me zan ce masa?"

Ta gyara mayafinta ta dubi ƙasa. Ba ta ce ya yi ƙarya ba, ba ta kuma ce kar ya yi ba, ta juya ta tafi.

Kwana huɗu ya yi a kan aikin, kuma bai taɓa ɗaura inji da baƙin ciki irin wannan ba. Mutumin da ya ara masa sifanar farko da ya buɗe garejin, yau abu ɗaya ya roƙa, shi kuma ga shi yana mayar wa dillali da abin. Kullum da yamma ya leƙa gaisuwa sai tsohon ya tambaya, "Katantanwata ta hau?" Shi kuma ya ce, "Ana kai, Baba."

Matsalar ita ce turbo yana fito, wani siririn sauti da kowane direba ya sani. A rana ta huɗu dabara ta zo masa. Ya ɗauki sukudireba ya ɗan sassauta kilif ɗin tiyon da ke kai iska cikin inji, ya bar wata 'yar kafa da ko farce ba zai shiga ba. Ya tayar da mota. Sai ga fito siriri, tas. Ya tsaya ya riƙe ƙugu yana jinjina wa kansa.

Da safe babban yaron ya kawo motar daidai tagar ɗakin. An riga an jawo gadon tsohon kusa da tagar don iska. Kwalaben magani na jere a kan 'yar kujera, ga kofi an rufe shi da faranti, hularsa ta tuƙi tana rataye a ƙusa. Bakaniken ya durƙusa a bakin gadon ya ɗaga murya.

"Tayar!"

Injin ya kama da bugu ɗaya. Yaron ya bar shi a silo yana bugawa a hankali, sannan ya taka mai, ya ɗaga ƙafa, ya sake takawa. Tsohon ya lumshe ido. Hannunsa na dama ya fito daga bargo ya kama iska, ya tura gaba, ya jawo baya, ya sake turawa. Giya uku. Ya daɗe a haka.

"Ka ji shi, Baba?"

"Na ji. Yana fito." Ya buɗe ido ya dube shi. "Allah ya yi maka albarka, Injiniya."

Bakaniken ya fito yana jin daɗi da kunya a haɗe, ya rasa wanne ya fi yawa. Ya ce wa kansa zai ɗaure kilif ɗin in an kwana biyu, sai hidima ta sha kansa.

Bayan mako uku, wajen ƙarfe goma na safe, yana kwance ƙarƙashin wata mota ya ji kuka ta bayan katanga. Bai tambayi kowa ba. Ya ajiye sifana a ƙirjinsa, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Da shi aka ɗauki tsohon, da shi aka dawo.

Sai da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa Inna ta aiko a kira shi. Ya same ta a tsakar gida tana ninke bargon.

"Ya bar maka saƙo. Ya sa na maimaita har sau uku don kar in ɓata." Ta rufe ido tana tunowa. "Ya ce turbo sai an taka mai yake fito, naka kuwa sai an ɗaga ƙafa."

Bakaniken ya ɗago kai ya dube ta.

"Tun ranar ya sani?"

"Tun bugun farko. Ya ce wanda ka sa shi ne daidai, da shi ne a matsayinka haka zai yi. Ya ce kar in gaya maka sai ba ya nan, don ka sha wahala a kan fiton nan, bai kamata a kunyata ka ba." Ta ɗan yi murmushi, idonta ya kawo ruwa. "Sannan ya ce don Allah ka je ka ɗaure tiyon, kar ƙasa ta shiga ta ɓata wa yaro inji."

Ta miƙo masa makullin motar. Ya karɓi makullin daga hannunta ya fita.

Motar na nan gindin tagar, ganye ya taru a kan gilashinta. Ya ɗaga bonet ya sa sukudireba, juyi biyu da rabi, kilif ya kama. Ya zagaya ya shiga. Yaron bai gyara kujerar ba tukun, tana nan a matse gaba daidai gajerun ƙafafun tsohon, gwiwoyinsa suka tokare da sitiyari. Bai ja ta baya ba. Ya murɗa makulli, injin ya tashi yana bugawa a hankali, ba fito, ya zauna a takure yana saurare.