Kwamin da Ya Tara Birai

Tun da Malam Dung ya ajiye aikin koyarwa a Gwarzo ya tare a kurmin nan na bayan Lakwaya, ba a taɓa ganin sa zaune wuri ɗaya ba, amma na wannan makon ya fi na kullum. Sau uku ya fita tsakar gida kafin hantsi, sau uku ya dawo bai san abin da ya fita nema ba.

Kurmin ba wani babba ba ne. Kanya ce da ɗorawa da marke, sai tsofaffin mangwarori a bakin wani rafi mai ƙafewa da rani. Gida mafi kusa tafiyar rabin awa ce a ƙasa. Daga shi sai matarsa Keziah, sai amya goma sha biyu da ya rataya a bishiyoyi, sai kuma waɗanda suka tarar a wurin: zabin daji, kurege, damo, da wata mesa da suke ganin saɓarta amma ita ba su taɓa ganin ta ba.

Bara da bazara ƙudan zumarsa suka gudu daga amya biyar saboda ƙishirwa. Shi ya sa bana ya gina kwamin siminti a gindin kanya, kullum ya cika shi daga rijiya. Ƙudan kuwa suka zauna. Sai dai jajayen biran da suka saba yin kudu da zarar rafi ya ƙafe, bana ba su ga dalilin tafiya ba. Da safe su sha a kwamin Malam, da rana su gangara fadama su yi ɓarna a tumatir da masarar mutane.

Ranar Litinin mai unguwa ya aiko kiran sa. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da gajiya da zafi, ya ce, "Malam, ka koyar da 'ya'yanmu, ba mai son ɓacin ranka. Amma masu fadama sun gaji. In biran nan suka kai Asabar, za su kira mafarauta da karnuka, a sa wa ciyawar kurmin wuta a fito da su."

Malam Dung ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji." Amyoyinsa na saƙar ciyawa ne. Wuta ba za ta bar ko ɗaya ba.

Ya ɗaura gwangwanaye a igiya. Ya kafa mutum-mutumi a bakin kwami, ya sa masa tsohon kwat ɗinsa na zuwa coci. Washegari ya tarar da biri zaune a kafaɗar kwat ɗin yana ɓare kanya.

"Baban Emily," in ji Keziah, tana tankaɗe ba ta ko ɗago kai ba, "shekara talatin yara ba su ji tsoron kwat ɗin nan ba, biri ne zai ji?"

Ya sake fita.

Ranar Alhamis Baba Maiturare ya zo a kekensa. Tsoho ne da ya yi tallan turare da ƙuruciya, sunan ya bi shi, amma duk yankin an fi sanin sa da ɗiban zuma. Ya zagaya kwamin, ya tsoma sandarsa ya ga zurfinsa, ya kama baki.

"Hedimasta, wannan na ƙuda ne ko na raƙuma?"

"Baba, ƙishirwa ce ta kore min su bara."

"To ai ka tambaya. Mu a nan tulu muke binnewa a inuwa har wuya. A zura karan dawa uku a ciki, a kife bakin da kasko mai 'yar kafa, a danne da dutse. Ƙuda ya bi kara ya sauka ya sha, ya fito. Biri ko ya kwana a kai ba ya samun ɗigo. Kai kuwa ka buɗe masa otal, har da mai gadi da kwat."

Malam Dung ya yi 'yar dariya. Akwai abin da bai faɗa wa kowa ba. A cikin garken akwai wata mai yagaggen kunne, ita ke fara saukowa kullum ta duba hanya kafin sauran, har ya sa mata suna Monita. Sati uku da suka wuce ta haihu. Ɗan yana manne a cikinta kamar ƙullin tsumma.

"In na rufe kwamin, ina za su sha?"

"Inda iyayensu suke sha. Akwai tafki can kudu, tafiyar kwana biyu." Tsohon ya gyara hularsa. "Da tun watan jiya suka tafi, lokacin rana ba ta yi haka ba. Kai ka riƙe su. Yanzu dai a cikin zafin za su yi ta."

Ranar Juma'a da sassafe suka binne tuluna biyu shi da Keziah. Ya kwashe ruwan kwamin, ya cika shi da yashin rafi. Daga nan ya rasa inda zai sa kansa. Ya ɗauki fartanya ya ajiye. Ya zauna a kan turmi ya miƙe.

Monita ta sauko a lokacinta. Ta tsaya a bakin kwamin, ta tona yashin da hannu ɗaya, ɗayan yana tallabe da ɗan. Ta shinshina damshin, ta sake tonawa. Sai ta ɗago ta dubi wajen gidan.

Bai san lokacin da ya ɗauki bokitin ruwa ba. Keziah ta riƙe hannun bokitin.

"Rabi kawai, Maman Emily."

"Rabin nan shi zai kai su gobe. Gobe kuwa karnuka ne." Ta karɓe bokitin ta juye a randa. "Shiga ciki in ba za ka iya kallo ba."

Bai shiga ba. Ya tsaya har rana ta take, biran suna hawa suna sauka, suna kuka ƙasa-ƙasa. Wajen la'asar rassan suka daina motsi.

Asabar mafarauta suka zo su tara da karnukansu. Suka zagaya kurmin, suka dubi saman bishiyoyi, suka sha ruwan da Keziah ta kawo musu, suka yi sallama. Ba wanda ya ƙyasta ashana. Malam Dung ya durƙusa a gindin kanya ya kara kunne a jikin kaskon, ya ji ƙudan suna ƙugi a cikin tulu. Amyoyi goma sha biyu suna nan a rataye.

Keziah ta ce abinci ya sauka. Ya ce yana zuwa, ya bi rafin ya yi kudu. A kan yashi ya ga sawun garken, manya da matsakaita, sun miƙe layi ɗaya. Ya sunkuya yana neman ƙaramin, ya daɗe yana nema kafin ya tuna ɗan sati uku ba ya taka ƙasa. Duk da haka ya ci gaba da bin sawun har inda yashin ya ƙare.