Jinin Babakura

Ranar Talata da hantsi aka kawo wa Meram kwalaben jini bakwai daga ɗakin maza. Shekara huɗu ke nan tana aiki a labo, ɗakin awon jini, na wani asibiti a Diffa, kuma ba ta cika duba suna ba, lamba take bi. Amma da ta ɗauki ta biyar sai idonta ya faɗa kan takardar: Babakura Tahir, shekara sittin da uku, ciwon huhu.

Ta san shi sarai. Gonarsa ta tattasai ce ta yi iyaka da ta mahaifinta, Maina, a bakin kogin Komadugu. A 2015, lokacin da kowa ke zargin kowa, Babakura ya je ya kai tsegumi wai Maina na tsallakar wa 'yan bindigar da ke daji abinci. Jami'an tsaro suka zo suka tafi da Maina. Wata goma sha huɗu ya yi a tsare kafin a gane ƙarya ce. Da aka sake shi ya tarar da iyalinsa a bukkokin 'yan gudun hijira na Assaga, yana fama da tarin da bai sake shi ba har ya kai shi kabari. Gonar kuwa Babakura ya haɗe ta da tasa.

Meram ta yi awon kamar na kowa. Akwai abubuwa biyu da ake dubawa a jinin mai ciwon huhu, ɗaya na nuna yadda ƙwayar cuta ta ci jiki, ɗaya na nuna ko ƙoda ta fara gajiya. Duka biyun sun hau. Ranar Alhamis aka sake kawo jininsa, maimakon su sauka da magani sai suka ninka. Ta sha ganin irin wannan. Mutum zai tashi zaune, ya ci tuwo, ya yi raha, bayan kwana biyu numfashi ya gagare shi.

Ta yi tunanin canza sakamakon. Sai ta ga ba sai ta yi ba. Ta rubuta gaskiya, ta kai wa Likita Abdullateef da hannunta.

Ya duba ya ce, "Wannan ba inda za shi. Za mu canza masa magani, mu matso da iskar numfashi kusa. Ga shi tun jiya yake damuna wai tattasansa ya nuna." Aka kira shi ɗakin gaggawa, ya fita da sauri.

Meram ta shiga ɗakin maza. Babakura na zaune bakin gado da hularsa a kai, yana shan kunu.

"Sannu, Baba. Ni na auna jininka."

"Sannu, 'yata. To, me ya ce? A sallame ni?"

"Ya ce in ka fita daga nan ba za ka ga Juma'a ta sama ba. Dole ka zauna a hannunmu." Ta gyara masa robar ƙarin ruwan da ke hannunsa, a hankali, tana kallon yadda yake ɗiga. "Ba ka gane ni ba ko? Meram ce, 'yar Maina. Duk safiya jininka wurina ake kawowa. Abin da na rubuta, da shi likita yake zaɓa maka allura."

Ya ajiye ludayin. Ya dubi robar, ya dubi hannunta.

"Allah ya ba da lafiya, Baba," ta ce, ta fita.

Kafin la'asar Babakura ya zare allurar da kansa. Likita ya nuna masa takardar, ya lallashe shi, matarsa Gumsu ta yi ta kuka, amma ya ce ƙarya aka rubuta don a riƙe shi a kashe shi. Likita ya ce a sake awon a wani wuri, ya ƙi. Ya dangwala yatsa cewa da ra'ayinsa ya tafi, aka sa shi a mota.

Ranar Lahadi aka dawo da shi kwance, leɓɓansa sun yi baƙi. Bai kai azahar ba.

Likita Abdullateef ya sami Meram a labo. "An ce kin je wurinsa ran Alhamis. Me kika gaya masa?"

"Abin da ke cikin takardar. Sai sunana."

Bai san labarin gonar ba, ita ma ba ta ba shi ba. Ya ce daga yau kada ma'aikacin labo ya ƙara kai wa majinyaci sakamako. Ta ce to.

Da aka tashi aiki ta hau mota zuwa Assaga. Ta tarar da mahaifiyarta, Ya Fanna, tana tankaɗen gari a ƙofar ɗaki. Ta zauna kusa da ita, ta ba ta labari duka, ba ta ɓoye nata ba.

Ya Fanna ba ta daina tankaɗe ba. Can ta ce, "Ya sha wuya?"

"Ya sha, Inna."

"Kwana nawa?"

"Uku."

Tsohuwar ta buga gefen rariya, ta zubar da tsakin a ƙwarya. "Ubanki shekara biyu ya yi," ta ce. "Tashi ki ɗora mana ruwa."