Zuciyar Riziki a Ƙarƙashin Ruwa

Ranar da Riziki ta suma a bakin jirgin ruwa, ko tulun iskar da ke bayanta ba ta kai ga saukewa ba. Yayanta Makame ne ya cafko ta da wuyan riga. Tun tana budurwa take nutso a tekun Pemba, tana dasa murjani, dutsen nan mai rai da ke tsiro a ƙasan teku, a inda masu kamun kifi da nakiya suka farfasa, ko jiri ba ta taɓa yi ba.

A asibiti likita ta manna mata wayoyi a ƙirji, na'ura ta zana layin bugun zuciyarta. Layi ya fito sumul.

"A tudu lafiyarki ƙalau," in ji likitar. "Amma zuciya da ɗan lantarkinta take bugawa, ruwa kuwa yana taɓa shi. Sanyi ya bugi fuska, bugun ya ragu. Nauyin ruwa ya turo jini ƙirji. Wata zuciyar a nan take tuntuɓe."

"Kin dai ji," in ji Makame. "Zauna a gida ki riƙa dafa mana kifi da kwakwa."

"Yaya, hannun matarka ya karye ne?" Ta juya ga likitar. "Wata zuciyar kika ce, ba ki ce tawa ba. A ruwa aka ce ta yi laifi, to a ruwa za a kama ta."

Likitar ta ƙi. Riziki ta yi ta sintiri a ƙofarta har likitar ta gaji ta yarda, bisa sharaɗin ita ma za ta shiga jirgin, kuma masu nutso biyu su sa Riziki a tsakiya. Aka naɗe ƙaramar na'ura a jakar da ruwa ba ya shiga, aka ɗaura mata cikin riga.

Da fari komai daidai. Sai da suka gangara inda ruwa ya yi duhu da sanyi, ta ji wani abu na mutsu-mutsu a ƙirjinta kamar kifi a koma. Ta ce wa ranta tsoro ne kawai. Ta fito tana murmushi, har da tsokanar Makame.

Na'ura ba ta rufa mata asiri ba. Likitar ta nuna mata inda layin ya hargitse, ya tsaya, ya sake zabura.

"Ke da zurfi har abada. In ya ƙara yi miki haka a can, ba mai dawo da ke."

Riziki ta matso ta duba. Can ta ɗora yatsa a farkon layin.

"Nan fa, da ya miƙe?"

"Nan kina sama-sama, ruwan da ɗumi. Amma ban yi miki alkawari ba. Sai da magani, ban da shiga ke kaɗai, kuma in riƙa ganinki."

"Jirgina ba zai ɗauko gawar ƙanwata ba," in ji Makame.

"Riƙe jirginka, Yaya. Inda za ni da ƙafa ake zuwa."

Ta kafa gonar renon murjani a 'yar gaɓar da ke bayan ƙauye, inda ruwa da ƙyar yake shanye mutum. Matan da ke noman ciyawar teku suka fara zuwa kallo, daga baya suka karɓi tabarau na shiga ruwa suka koya. Kewar zurfin ba ta sake ta ba. In jirgi ya wuce da masu nutso, sai ta juya masa baya ta duƙufa kan aikinta.

Da murjanin ya isa dashe, dole wani ya kai shi can ƙasa. Makame ya zo da kwanduna yana hura hanci. Ta duba yadda ya jera rassan murjanin a ciki, ta girgiza kai.

"Haka za ka kai mini su duk a kakkarye? Sauke, sake jerawa."

Ya yi tsaki, ya durƙusa cikin ruwa ya sake.