Sunan Aro a Filin Basket

Shekara ashirin da ɗaya ke nan da ƴan matan kwalejin garin suka ciwo kofin basket, wato ƙwallon kwando, na jihar Tillaberi suka kawo Filinge, kuma tun daga ranar Habsa ba ta jin an ambaci Samiratu ba tare da ta ja tsaki ba. Kishi ne tsagwaronsa, ita ma ta sani, kuma ba ta taɓa neman magani ba.

Habsa ce gwanar ƴan wasan. Doguwa ce, bahaguwa, ta koyi saiti tun tana jifan tsuntsaye a gonar hatsin babanta wajen Damana. Sai dai ba ta da takardar haihuwa, kuma ba a shiga gasa sai da katin da ke nuna shekaru. Samiratu kuwa ɗiyar likita ce, takardunta cif, amma ko bakin rijiya aka tsayar da ita aka ce ta saki guga, sai ta kuskure. Sai Mushe Issa, malamin wasanni, ya ɗauki katin Samiratu ya danƙa wa Habsa. Hoton da ke jiki ya yi duhun da ko uwar Samiratu ba za ta rantse a kansa ba. Wata guda cur yana kiran Habsa da sunan aro a fili, har ta saba amsawa.

A wasan ƙarshe, saura daƙiƙa uku a tashi, Habsa ta jefa balo daga nesa, ya faɗa kwando ko ƙarfe bai taɓa ba. Mai rediyo ya ga lamba tara a rigarta, ya duba takardarsa, ya yi ta kwarma sunan Samiratu, mutanen Filinge kuwa suna kewaye da rediyo. Ita Samiratun tana benci a lokacin, rungume da jarkar ruwa. Da motarsu ta iso tasha, mata suka rangaɗa guɗa, aka ɗaga ɗiyar likita sama, Habsa kuma aka bar ta da sauke jakunkuna. Mushe ya riga ya rantsar da ƴan wasan tun a hanya cewa ba za su faɗa wa kowa ba, don in maganar ta fita, za a karɓe kofin.

Yanzu Samiratu madam ce a wani ofis a Yamai, har jarirai biyu aka raɗa wa sunanta a unguwar kasuwa. Habsa na sayar da kopto, kwaɗon ganye da ƙuli, a bakin ƙofar kwalejin. Duk wannan da sauƙi. Abin da ke cin ta shi ne ɗiyarta Anisa, wadda ta gado tsawonta da hagunta, ta shiga basket, ta nace sai lamba tara, wai lambar Tanti Samiratu. Ran nan Habsa ta ce mata ta daina buɗe gwiwar hannu in za ta jefa, yarinyar ta yi dariya.

"Haba Inna, ke mi kinka sani ga basket?"

Habsa ta ci gaba da yankan albasa, ta ɗora wa albasar laifin hawayen. Ba kofi take so ba. So take ɗiyar da ta haifa ta san wace ce uwarta.

Bana aka zuba wa filin siminti, aka kafa allo da sunan Samiratu, aka gayyato ta ta jefa balon farko. Ta iso cikin shadda mai ƙyalli, ta rungume Habsa a bakin ƙofa.

"Ƙawata! Kina nan yadda na bar ki."

"Ina za ni?" in ji Habsa. "Wani ne ya tahi da sunana, ni ina nan."

Samiratu ta yi kamar ba ta ji ba, ta wuce rumfar baƙi, inda aka zaunar da Mushe Issa, ya tsufa, yana dogara sanda.

Aka miƙa mata balo. Ta ce kafaɗarta na ciwo, aka ce ai ko sau ɗaya. Ta jefa, ko allon kwandon bai kai ba. Jama'a suka tafa saboda kara, Anisa ta fi kowa tafi. Ta sake jefawa, balon ya bugi ginshiƙi ya gangaro har gindin tiren kopto.

Habsa ta goge ƙulin hannunta a zanenta ta ɗauki balon. Niyyarta ta mayar musu. Amma da ta ɗaga kai ta ga allon nan da sunan nan, sai gwiwar hannunta ta matse da kanta. Daga bayan layi, silifa a ƙafa, ta sake shi da hagu. Raga kawai aka ji ta ce fat.

Mushe Issa ya zabura ya yar da sanda, ya ƙwala kira da muryar da ta yi saura.

"Samiratu! Koma baya, tsare gida!"

"To, Mushe!" in ji Habsa, har ta taka da baya taki biyu kafin ta tuna inda take.

Idanun jama'a suka koma kan mai kopto. Mai sunan tana tsaye a tsakiyar fili, ko waiwaya ba ta yi ba, tana gyaran ɗankwalin da bai goce ba. Mai lasifika ya yi maza ya saki kiɗa, aka ci gaba da biki, allo kuma yana nan da sunan da aka rubuta.

Da aka watse, Anisa ta zo bakin ƙofa da balo a hammata. Ta daɗe tsaye tana kallon hannun uwarta na hagu yana kwashe sauran kopto.

"Inna," ta ce a hankali, "gwada mani yadda aka riƙon gwiwar."

"Tahi ki tambayi Tanti Samiratu," in ji Habsa, ba ta ɗaga kai ba.

Yarinyar ba ta motsa ba. Habsa ta ja tsaki, ta ajiye ludayi, ta kama gwiwar hannun ɗiyarta ta matse ta ciki, da ƙarfin da ya fi yadda ake bukata.