Gwangwani Mai Jan Murfi

"Ba wannan ba, makaho. Mai jan murfin," in ji Orval, yana nuna kan kanta da haɓa.

Yana kwance a falo, ciwon huhu ya cinye shi saura ƙashi. Matarsa Verna ta fita shanya kaya. Na ɗauko gwangwanin kofi na ajiye masa a kan bargo.

Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka. Shi ya koya mini ɗura bindigar adaka: albarushi awo ɗaya, harsashi a cikin kwanson robarsa, a tura da sanda har ya zauna, da ƙarfi iri ɗaya kullum. Yakan ce bindiga ba ta ƙarya, mai ɗura ta ne ke yi. Shi yake zuba harsasan dalma a garejinsa, kuma kowace kaka yana kawo mini gwangwani ɗaya mai baƙin murfi, kyauta. Kowace kaka kuma, a gasar harbin da ake yi bayan coci, shi ke tafiya da talotalon da ake ba gwani, nawa harbin ya warwatse a jikin takarda. Na canja tabarau sau uku. Na daina kofi saboda rawar hannu. Daga baya na daina zuwa, na yarda laifina ne.

Ya sa na ɗauko ɗan sikelinsa, na auna harsasai biyar daga gwangwani mai jan murfin. Nauyinsu ɗaya. Ya ce in auna nawa in na koma gida.

"Waɗanda suka ƙi awo nake ba ka, Burl. Wani ya fi nauyi, wani da iska a ciki."

Na tambaye shi dalili. Ya yi tari mai tsawo, ya ce ranar farko da na riƙe bindiga ya gane na fi shi hannu.

Jira yake in yi dariya, in ce ya wuce. Ni ba na cewa abu ya wuce alhali bai wuce ba. Mutumin da ya ci abinci a teburina, ya riƙe 'yata a coci ranar baftismarta, ya zura ido ina zargin idona shekara da shekaru. Na gyara masa bargo na fita.

Ya mutu ranar Laraba da hantsi. Na ɗauki akwatin gawarsa tare da mutum biyar, don hakkin maƙwabtaka ne.

Bayan mako guda Verna ta kawo mini gwangwani mai jan murfin, ta ce shi ya bar wasiyya. Ba ta san komai ba, ban kuma gaya mata ba.

Na kafa takarda a bayan rumbu, na ɗura harsasansa yadda ya koya mini, na harba sau uku. Da hayaƙi ya washe na taka na duba. Huda uku, suna taɓa juna. Na daɗe a tsaye, yatsana ɗaya ya rufe su duka.